Jan Fenti a Gonar Iya Gambo

Ranar kasuwar da ta wuce wasu samari biyar suka same ni a ƙofar gida, sanye da riguna iri ɗaya masu hoton ganye a ƙirji. Suka ce sun kafa ƙungiyar sa kai, za su mayar da itatuwan gargajiya a filayen da suka mutu tsakanin Matameye da Ɗan Barto, kuma an gaya musu na yi aikin daji har na yi ritaya. Na tambaye su abin da suke so in koya musu. Babbansu ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ba wani abin koyo ba ne. Rami ne, sai dashe, sai ruwa. Sunanka kawai muke so a takardarmu."

Mai yiwuwa niyyarsu mai kyau ce. Amma rami da dashe da ruwa, ai da wannan ilimin ni ma na fito daga makarantar aikin daji, har da takardar shaida mai hatimi biyu. To samari, tunda ba ku da lokacin zama ku saurara, ga shi na rubuta muku. Wanda ya iya ajiye waya na ɗan lokaci sai ya karanta.

Aikin farko da aka ba ni a Matameye shi ne cika leda da ƙasa a wurin renon itatuwa. Zamanin soja ne, ba a daɗe da ɗauka ta aiki ba, kakina ko wanki biyu bai sha ba. A takarda ni ne shugaban wurin. A zahiri kuwa shugaban shi ne Mato, wani tsohon lebura da bai san ko harafi ɗaya ba, wanda tun ranar farko ya raɗa mini suna Mushe Takarda, don Mushe haka mutanenmu ke faɗin Monsieur na Faransanci. Na ce zan fara da gawo, tunda shi ne itacen ƙasar nan. Duk manomi ya san gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa, saboda yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Na samo iri, na shuka a jere, na kafa ɗan allo mai kwanan wata. Mako uku ina ban ruwa safe da yamma, ko tsiro ɗaya ban gani ba. Mato yana kallona kawai, sai da na tambaye shi da bakina.

"Ka tambayi akuya," in ji shi.

Na zaci zagi ne. Ashe magana yake yi ta gaskiya. Ya kai ni garken wani maƙwabci, ya tona taki da ƙafa, sai ga ƙananan gawo suna leƙowa. Ƙwayar gawo tana da ɓawo mai tauri, ba ta tsira da sauƙi sai ta bi ta cikin dabba. In babu dabba, a zuba mata ruwan zafi ta kwana a ciki, ko a ɗan kankare gefenta da wuƙa. Ina jin an faɗa mana wannan a makaranta, ba zan yi wa malamaina ƙarya ba. Amma an faɗa ne da Faransanci, da rana tsaka, kuma ban taɓa riƙe ƙwayar a hannuna ba. Mato ne kuma ya nuna mini cewa saiwar gawo ƙasa take nufa kai tsaye, kafin kansa ya kai tsawon yatsa ita ta kai gindin leda ta fara naɗewa. In ka dasa shi a haka, ka dasa gurgu. Zai yi kore ranar da za ku ɗauki hotonsa, bayan wata huɗu ya zama tsinke.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai dagi na haƙa rami, da adda, da gatari, da bokitin ban ruwa, da wata tsohuwar moto, wato babur, da sai an tura ta take tashi. Akwai gwangwanin jan fenti da muke shafa wa itatuwan da ke kan iyakar dajin gwamnati, don kowa ya san daga nan ba nasa ba ne. Sai ɗan littafin cin tarar masu laifi da ke zaune a aljihun ƙirji. Cikin kayan nan duka, littafin da fentin su ne kawai mutanen ƙauye suka sani. Gawo yana cikin itatuwan da doka ta hana sarewa, ko da a tsakiyar gonarka yake, ko da kakanka ne ya bar shi. Tsofaffi ma suna cewa tun zamanin sarakunan Damagaram hannu ba ya taɓa shi lafiya. Saboda haka masu hulɗa da mu, wato manoma da makiyaya da masu sassaƙa turmi da mata masu neman itacen girki, babu wanda ya taɓa zuwa wurinmu don yana so. In aka ji ƙarar motona a bakin gari, gatari sai ya shige ƙarƙashin rumbu.

Dashen gayya na farko da na jagoranta, umarni ne ya zo daga sama cewa kowane gari ya kafa ɗan dajinsa. Aka kawo makaɗa, aka tara samari, aka jera ramuka da igiya kamar sahun sojoji. Darbejiya da itacen turare muka kai, don su ne suke saurin girma a leda, su ne kuma suke kyau a rahoto. Wani babba mai tauraro a kafaɗa ya dasa na farko, aka zuba masa ruwa ya wanke hannu, aka yi tafi. Daga ranar babu wanda ya ƙara kai wa wurin ko ƙwarya ɗaya ta ruwa, kuma ban ga laifinsu ba, don rijiyar garin gaba ashirin ce, kuma itacen ba na kowa ba ne. Kafin tsakiyar rani awaki sun gama da abin da rana ta rage. Shekara ta zagayo muka koma wuri ɗaya, muka dasa a cikin ramukan bara, har an rage mana wahalar haƙa. Wannan aikin da kuke shirin yi da rigunanku, mu mun yi shi da ganga da algaita, kuma mun fi ku iya tafi.

Abin da ban lura da shi ba duk tsawon lokacin nan shi ne sassabe. Kafin damina kowane manomi yakan bi gonarsa da gatari ya sare duk wani tsiro da ya fito, ya tara ya ƙone. A wurinsu gonar da aka bar wa ƙirare gonar rago ce. Akwai kuma wani dalilin da ba a faɗa a gaban mai kaki: tsiron gawo in yana ƙasa ƙaya ne, babu ruwan kowa da shi, amma in ka bari ya miƙe ya zama itace, ya shiga littafina. Saboda haka ake kashe shi tun bai yi suna ba. Shekara da shekaru ina wucewa ta gefen hayaƙin sassabe da ledojina a bayan moto, ban taɓa tsayawa na duba abin da ake ƙonewa ba.

Sai aka yi babban fari. Gero ya bushe tun bai fid da kai ba. Daminar da ta gabace shi ma ba ta yi kirki ba, mazan da suka tafi cin rani sun dawo a makare, suka yi shuka a gurguje ba tare da sun yi sassabe sosai ba. Wannan karon ko lokacin girbi ba su jira ba, suka zuba Kano da Katsina neman dako da ga-ruwa. A ƙauyuka da yawa ba ka ganin kowa sai mata da yara da tsofaffin da ba su iya hawa mota.

Wata safiya na tafi duba gawar ɗan dajin wani ƙauye da ke bayan Dungu. Ba zan faɗi sunansa ba, don jikokin mutanen suna nan. A gonakin gabas da garin na hangi mata kamar goma sha biyu a sunkuye, kowace da wuƙa ko ƙaramar adda. Da suka ji moto sai suka watse, wasu har da barin takalma. Mace ɗaya ce ta tsaya, wata dattijuwa doguwa mai ɗingishi, wadda daga baya na san sunanta Iya Gambo.

"Sannu da aiki, Iya."

"Yawwa, Mushe. In kamu ne ka kama, gwiwata ba ta gudu."

"Me kuke yi wa gawon nan?"

"Wane gawo? Ni ƙaya na gani."

Na ce mata ba kamu na zo ba. Ta dube ni, ta dubi aljihuna, sannan ta ci gaba da aikinta kamar ba na wurin. Na tsaya ina kallo. Kowane cunkus na ƙaya da ke kwance a ƙasa, ashe tsiro ne bakwai ko takwas da suka fito daga tsohon kututture guda da yashi ya rufe. Sai ta zaɓi biyu da suka fi miƙewa ta bari, ta yanke sauran. Waɗanda ta bari ta rage musu rassan ƙasa har zuwa rabin tsayinsu. Daga ƙasa take jan wuƙar zuwa sama, don kada ɓawon ya yage ya bi jikin itacen. Ganyen na awaki ne, ƙiraren na murhu. Ta ce tun bara suka fara, su matan garin, yau a gonar wannan gobe a gonar waccan, su raba abin da suka yanka. Babu ganga, babu umarni daga kowa. Waɗanda suka gyara bara har sun kai ƙirjina, wasu sun fi ni tsayi. Ba gawo kaɗai ba, har da kalgo da magarya da aduwa.

"Wa ya koya muku wannan?"

"Kukan akuya," ta ce. "Kai ba ka da ita a gida?"

Na ciro dagi na tona gindin ɗaya don in gani da idona. Saiwar da na tarar ta kai kaurin cinyata, ta nufi ƙasa inda dagina ba zai kai ba. Ni ina can ina lallashin saiwa mai kaurin zare a cikin leda, alhali ga daji sukutum a ƙarƙashin gonakin mutane, ya riga ya kai ga ruwa, yana jira a daina sare masa kai. Wannan shi ne aikin da kuka ce ba abin koyo ba ne. Sanin wanne za a bari ya fi sanin wanne za a dasa wuya, kuma ba a ɗaukarsa hoto ya yi kyau.

Bisa doka, kowane yanka da matan nan suka yi laifi ne. Ban rubuta ba. Amma na yi mako guda ina juya abin, don ni mutum ne da ba ya iya barin abu ba tare da ya yi masa wani tsari ba. Tsorona biyu ne: makiyaya masu sassare rassa, da mazan garin da za su dawo kafin damina su bi gonakin da gatari kamar yadda suka saba. Na ce a raina, itacen da ke da alama babu mai taɓa shi. Na ɗauki gwangwanin jan fenti daga sito na koma. Har na tambayi Iya Gambo ko in sa wa nata alama, ta ce, "Kai ne mai kaki." Ni kuma na ɗauki wannan a matsayin yarda. Na bi gonarta itace bayan itace ina zagaya wa kowanne jan zobe daidai gwiwa, a tsanake, ba na barin ɗigo ya zuba. Fentin ya ƙare daidai iyakar gonarta. Na je na sami mai gari na gaya masa, cikin jin daɗin kaina, cewa in Allah ya yarda zan dawo da wani gwangwanin in yi wa sauran gonakin duka. Ya ce Allah ya kawo ni lafiya.

Da na ba Mato labari sai ya ajiye bokitin da ke hannunsa.

"Ja ka shafa? A gonar mutane?"

"Don kariya ne."

"Mushe Takarda, a ina muke shafa ja?"

"A iyakar dajin gwamnati."

"To su ma sun sani."

Na ce a raina watakila yana zuzuta abin ne, ai na yi wa mai gari bayani. Ya kamata in hau moto a ranar in koma. Maimakon haka na zauna na rubuta takardar neman sabon fenti, kwafi uku, na jira a sa mata hannu. Sai bayan kasuwa biyu na koma garin, da sabon gwangwani ɗaure a bayan moto.

Tun daga nesa na ga gonakin sun canza. Ramuka ne ko'ina, kowanne da baƙin toka a cikinsa. Mutanen garin sun yi lissafinsu: gonar da jan fenti ya shiga ta zama dajin gwamnati, yau a hana ka sara, gobe a hana ka shuka. Tunda na yi alkawarin dawowa, sai suka riga ni. Ba sassabe suka yi ba, don sun san sassabe ba ya kashe kututture. Tonowa suka yi. Tsofaffi masu furfura da matan da ke cin abinci sau ɗaya a yini suka bi saiwoyin nan da dagi har zurfin ƙugu, suka datse, suka cusa kara suka sa wuta. A duk dashen gayyar da na taɓa jagoranta ban ga an yi aiki mai yawan wannan ba. Matan da tun bara suke gyaran itatuwan, su ne suka nuna inda kowane kututture yake.

Gonar Iya Gambo kaɗai ta rage, da jajayen zobbanta, don babu wanda ya yi ƙarfin halin taɓa abin da ke da alama. Na same ta a gida tana sussukar wani abu da ban gane ko mene ne ba. Ba ta ba ni tabarma ba. Ta ce gayyar mata ta watse, ko a rijiya ba a amsa mata sallama. An kuma aika wa mijinta, Malam Isuhu, saƙo a Kano cewa matarsa ta miƙa wa gwamnati gonar gadon gidansu. Ya aiko cewa yana tafe kafin ruwan farko, kuma shi da ƙannensa za su tone duk abin da ke cikin gonar, in ya so a ɗaure shi, ya fi a ce a hannunsa gonar ubansa ta salwanta.

"Iya, ai gonar taku ce. Itatuwan ma, a fahimtata, naku ne."

"Fahimtarka ta zo ta gaya masa," ta ce.

Washegari na shiga wurin shugaban ofishinmu, wanda muke kira Shef. Na roƙe shi takarda mai hatimi, ko layi biyu ne, da ke cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Doka ta ce haka?"

"Ba ta faɗa ƙarara ba, Shef, amma ina ganin in aka duba manufarta…"

"A wannan zamanin kake so in sa hannu a kan manufa? Kana sha'awar a tura ka Bilma, can tsakiyar hamada? Ni ba na sha'awa. Je ka yi musu bayani da baki. Baki ba ya barin kwafi."

Ya kuma tuna mini cewa ma'aikacin da aka samu ya ga ana saran gawo bai rubuta ba, shi ma mai laifi ne. Wannan na riga na sani, na haddace sashen tun a makaranta.

Ranar da aka aiko mini cewa Malam Isuhu ya sauka, hadari ya fara haɗuwa a gabas amma bai zubar ba. Na tarar da shi a bakin gonar da ƙannensa biyu, da gatari da dagi. Mai gari yana zaune a kan wani tudu, kusan duk wanda ya rage a garin ya fito. Malam Isuhu gajere ne, kafaɗunsa duk kanta saboda dakon ruwa.

"Kai ne mai fentin?"

"Ni ne, Malam. Sannu da hanya."

"Na bar gona, na dawo na tarar da kan iyaka. A Kano in aka shafa wa gida ja, rushe shi za a yi. Nan kuma me za a yi?"

Na fara bayani. Na yi maganar manufar alamar, da bambancin dajin gwamnati da gonar gado, da abin da nake kyautata zaton hukuma tana nufi. Na ce iya sanina babu wani shiri na karɓe gonar kowa, ko da yake ba ni ne mai yanke hukunci na ƙarshe ba. Ina jin na kai rabin sa'a. Ɗaya daga cikin ƙannen ya ce, "Yaya, wannan in ya gama damina ta wuce." Aka yi dariya. Mai gari ya ɗaga hannu.

"Mushe, tun ɗazu kake magana, ban ji e ba, ban ji a'a ba. Ka zo da takarda?"

"Ranka ya daɗe, takardar dai tana buƙatar wasu matakai."

"Wato babu."

Malam Isuhu ya tofa yawu a tafin hannu ya gyara riƙon gatarinsa. Sai Iya Gambo ta ɗingiso daga cikin mata ta miƙa hannu.

"Malam, ara mini."

Ya ba ta. Ta juyo gare ni.

"Mushe, ka ce itacen nan nawa ne?"

"A fahimtata, Iya…"

"In nawa ne, in sara?"

"To, ita doka abin da ta ce…"

"Ban tambayi doka ba, ba ta zo ba. Kai ka zo. In sara?"

A nan ne na gane abin da takardar shaidata ba ta ƙunsa ba. A wurin mutanen nan, abin da ba ka da ikon sarewa ba naka ba ne, kuma ba za su rena wa wani ba. Na kuma san cewa a cikin taron akwai bakin da zai iya kai labari Matameye kafin motona ta isa. Na ce, "Sara, Iya." Muryar ba ta fita sosai ba, sai da mai gari ya sa na maimaita.

Akwai wani karkataccen kalgo kusa da ita, na sa rai shi za ta nufa. Ta wuce shi. Ta wuce wasu ƙananan gawo guda uku. Ta tafi har tsakiyar gonar, wurin wanda ya fi duka, miƙaƙƙe, mai kaurin ƙotar gatari, wanda ya ɗara ni tsayi da kamu biyu. Shi na fara shafa wa fenti.

"Iya, ga wancan karkataccen, ai shi ma zai…"

"In na sari wanda ba ka so, me na nuna musu?"

Sara huɗu ta yi masa, ƙasa da jan zoben kaɗan, ya kwanta. Babu wanda ya kalli itacen. Duk idanu suna kan aljihun ƙirjina. Na mayar da hannayena baya na riƙe ɗaya da ɗaya, na tsaya kamar ɗan makaranta.

"To ɗauka ka kai mini gida," in ji Iya Gambo. "Ka san gwiwata."

Na ɗauka. Wanda bai taɓa saɓa ɗanyen gawo a kafaɗa ba bai san ƙaya ba. Na ratsa garin da shi a cikin kakina, jan zoben yana lilo a gaban hancina, mata suna biye da ni suna guɗa. Wata tsohuwa ta ce a kawo mini gammo. Wata ta tambaya ko gobe zan zo ɗaukar nata. Na ajiye shi a ƙofar gidan, wuyana duk jini.

Da na koma gonar, Malam Isuhu ya riga ya karɓi gatarinsa ya rataya a kafaɗa. Ya zagaya itatuwan yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tayin tumaki.

"Sauran a bar su," ya ce wa ƙannensa. Sannan ya dube ni. "Amma wannan ƙazantar ka cire ta."

Fenti ba ya fita daga jikin ƙaramin itace sai da ɓawonsa, in kuwa ka kewaye shi da kankara ka kashe shi. Iya Gambo ce ta kwaɓa laka da kashin shanu, ni kuma na bi zobban ina shafewa da hannuna. Kwana biyu na yi a kan wannan aikin. Sabon gwangwanin na mayar sito ban buɗe ba, na rubuta cewa buƙatar ta wuce.

Rahoton watan ban sa komai a ciki ba. Na yi watanni duk lokacin da Shef ya kira sunana sai in ce maganar ce ta taso, amma bai taɓa tambaya ba. Ko bai ji ba ne, ko ya ji ya ga ba shi da kwafi, Allah ne masani. Labarin malamin dajin da ya yi wa tsohuwa dakon gawo dai ya zaga kasuwanni, har ana ƙara masa abin da bai faru ba. A shekarun da suka biyo baya na ga mutane suna barin tsiro a gonakinsu, biyu a nan, biyar a can. Ban ce ni ne sanadi ba. Abin ya taso a wurare da yawa, ta hannun mutane da yawa, kuma yunwa ta fi ni iya wa'azi. Ni dai daga ranar na daina fita da littafin a aljihun ƙirji, na koma sa shi a jaka.

Yau in ka bi hanyar Dungu da rani za ka ga gawo a gonaki har iyakar ganinka. Na gonar Iya Gambo sun yi girman da mutum ɗaya ba ya rungume su, jikokinta ne ke tsince 'ya'yan suna kai wa tumaki. Amma gonakin da ke kewaye da ita, inda aka tone saiwoyin, ba su dawo kamar sauran ba. Kututturen da aka sare yana sake fitowa, wanda aka ƙone a cikin raminsa ya tafi ke nan. Sau uku ina kai musu dashe daga wurin renonmu, na gawo mai kyau, wanda na jiƙa irinsa da hannuna, kaɗan ne suka kama. Iska tana kwashe ƙasar wurin, geronsa ya fi na maƙwabta gajarta, mai wucewa ma yana iya gani. Waɗanda suka yi tonon duk sun rasu. 'Ya'yansu da ke noman wurin yawancinsu ba su san ni ba, ba su kuma san dalilin sunan ba, amma in ka tambaye su ina za su, sai su ce maka za su Filin Mushe.